Na'urar filasma ta kan tebur: aikinta na kyau, amma ruwanta ba ya jira

Na'urar ƙarama ce: akwatin wuta mai ƙarfin gaske, bututun gilashi, da bakin ƙarfe inda harshen filasma (iskar da wutar lantarki ta kunna har tana haske) mai launin shunayya ke sauka a kan ruwa. A ɗakin gwaje-gwajenmu muna amfani da ita wajen haɗa oksaid ɗin tutiya, wato ZnO, a siffar 'yan sanduna da kaurinsu bai kai nanomita 100 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ta hanyar tsoma farantin tutiya a ruwan da filasmar ta sarrafa.

Wajen sarrafa ruwa ba ni da ƙorafi. Idan aka kunna ta da iskar da muke shaƙa, cikin 'yan mintoci tataccen ruwa ya koma mai tsami, pH, wato ma'aunin tsami, ya sauka kusa da 3, saboda naitaret da naitarait da suka narke a ciki tare da H2O2, wato haidurojin feroksaid. Aka sauya zuwa iskar agon, sai H2O2 ya rinjaya, tsamin ya ragu. Wannan zaɓin shi ya fi burge ni, domin ZnO narkewa yake yi a ruwa mai tsami sosai, don haka dole mutum ya san wane ruwa yake so tun kafin ya tsoma farantin tutiya.

Abin da takardar bayaninta ta yi shiru a kai shi ne ruwan yana tsufa. Naitarait da H2O2 suna cin juna a cikin tsami, ruwan da ya kwana ya riga ya zama wani ruwan daban. Na gani da idona a madubin ilaktiron: sabon ruwa ya ba ni sanduna masu fuska 6 a jere, kwanannen kuwa ya ba ni dunƙule-dunƙule marasa fasali. Wanda zai maimaita sakamako sai ya riƙa rubuta lokacin da ya kashe filasmar, ba tsawon kunnawa kaɗai ba.

Ba ta da abin sanyaya ruwa, ga shi zafi yana rusa H2O2, sai da na sa kofin cikin ƙanƙara. Bakin ƙarfen ma yana zaizayewa a hankali, ɓurɓushinsa na faɗawa cikin samfur. Warin iskar ozon da take fitarwa kuwa, kada ma a gwada kunna ta a wajen akwatin zuƙe hayaƙi.

Ga ɗalibin da ke son rage sinadarai masu haɗari, ta isa. Mai son ZnO tsantsa don aikin lantarki, ya tanadi bakin tongistan (ƙarfe mai jure zafi) da ma'aunin pH nasa kafin ya yi odarta.