Aikin aska takwas daga hannun wata mai ɗinki a Zariya

Duk wanda ke son babbar riga mai aikin hannu, kuma yake da haƙurin jira, zai gamsu da ɗinkin wata baiwar Allah da ke cikin birnin Zariya, garin da ya daɗe da yin suna a wannan sana'a. Ta yi mini aska takwas a kan farar shadda. Idan aka juya rigar ta ciki, ba a ganin zare ko ɗaya da ya yi sako-sako, kuma tsinin kowace aska ya fita sak yadda mai zane ya shata shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta tsara yininta. Tana ɗaukar allura da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, domin a lokacin ne haske ya wadata a tsakar gida, sannan ta ajiye da azahar ta shiga hidimar girki. Ba ta ɗinki da dare ko da akwai wutar lantarki, saboda tana kiyaye idanunta, kuma a ganina wannan ne dalilin da ya sa ɗinkinta bai karkace ba ko a wuri guda.

Sai dai tsarin yana da tsada ga mai gaggawa. Ba ta karɓar riga fiye da wadda za ta iya gamawa, don haka mai son ta Sallah sai ya kai yadinsa tun watanni kafin azumi, ya kuma ware kwanakin da rigar za ta yi a wurin mabuga. Kuɗin aikinta ya ɗara na ɗinkin inji nesa ba kusa ba, amma ya cancanta.