Baƙin kasko ko farin seramik? Ki ɗauki baƙin

Wa alaikumus salam ƙanwata. Baƙin kasko mai shafen Teflon, wato sinadarin da ke hana abinci kamawa, da farin seramik da kike tambayar wanda ya fi ƙarko, duka biyun na yi girki da su. Ki ɗauki baƙin.

Nawa baƙin na kamfanin Tefal ne, Yaya ce ta kawo mini tsaraba daga Yamai ina jegon ɗana na biyu. Yaron nan yanzu shekararsa 5, kuma har yau a ciki nake soya wa maigida ƙwai da safe. Mai cokali guda ya isa, ƙwan ya sulɓe ya sauko faranti ko ƙanzo babu. Tsakiyarsa ta fara dusashewa, ba zan ɓoye miki ba, abin da aka shafa dole wata rana ya ƙare. Amma cokalin ƙarfe bai taɓa shiga cikinsa ba, na itace nake sayo masa a kasuwar Dole. Wanki kuwa sai ya huce, ɗan ruwa da sabulu da soso mai laushi, an gama. Mu da muke lissafin kowace jarka in zafi ya kama a Damagaram, kin san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ranar da na tarar da ƙanwar maigida ta ɗebo toka da yashi za ta dirje shi kamar tukunyar tuwo, da gudu na je na karɓe.

Wuta ce ajalinsa. Sinadarin Teflon ɗin, wanda kuma ake kira PTFE, a Amurka aka gano shi a 1938, kamfanin Tefal kuma ya kafu a Faransa a 1956 yana shafa shi a kasko. In zafi ya haura digiri 260 sai ya fara lalacewa, har ya riƙa fitar da hayaƙi mai cutar da ƙirji, kuma kaskon da aka ɗora ba komai a ciki yakan kai haka cikin 'yan mintuna. Don haka ki rage gaz, ki zuba mai tun kafin ya ɗau zafi. In kuwa da gawayi kike girki, ki adana kuɗinki, garwashi ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Ƙosai da fanke da suyar naman layya aikin kaskon ƙarfe ne na maƙeranmu, shi wannan har jikoki sai su gada.

Seramik ɗin yana da kyau a ido kuma ya fi jure zafi, na ba shi wannan. Sai dai ba yumɓu ba ne, siririn shafe ne na sinadarin yashi, santsinsa baya daɗewa. Nawa wata 8 ya fara kama ƙwai, yanzu gyaɗa nake soyawa a ciki.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu shago. Za su nuna miki mai ɗige-ɗigen nan su ce granit ne, su rantse dutse ne baya ɓarewa. Yawancinsu Teflon ɗin ne aka yayyafa wa launi a kan alminiyam. Jabun Tefal ma sun yi yawa, har jan da'irar nan ta tsakiya suna kwaikwayo da fenti, alhali ta gaskiya kamanninta na sauyawa in kasko ya yi zafi. Ki ɗaga ki ji nauyinsa, ki juya ki duba gindin. In sirara ne kamar faranti zai lanƙwashe, tsakiya ta ƙone, shafen ya ɓaɓɓako cikin abinci. Kuma wanda kika duba shi za a sa miki a leda a gabanki, kar ki yarda a ɗauko wani daga ciki a rufe cikin kwali.

Saitin nan mai guda 10 na araha ki bar musu abinsu. Ki haɗa kuɗin ki sayi guda ɗaya mai kaurin gindi, santimita 28, da cokalin itace biyu.