EliteBook 840 G5 tokunbo, ku daina biye wa lambar GHz

Jama'a duk mai neman laptop na aikin makaranta ko ofis a Bauchi, HP EliteBook 840 G5 ɗin nan mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-8250U ta cancanci kuɗinta, a wani shago wajen Wunti na saye ta kuma wallahi har yanzu ban yi nadama ba.

Abinda ke damuna shi ne yadda masu shago ke ruɗa yara 'yan jami'ar ATBU da lambar GHz, wato ma'aunin gudun furosesa. Sai ka ji ana cewa "Alhaji ɗauki wannan, 2.6GHz ce, waccan 1.6 ce kawai", alhali mai 2.6 ɗin tsohuwa ce tukuf. Ita wannan 1.6 ne a rubuce amma tana haurawa 3.4 in aiki ya taso, ƙwaƙwalwa huɗu ce a cikin furosesa ɗaya, kuma wat 15 aka tsara mata. Ai tseren GHz ya mutu tuntuni. Tun 2004 Pentium 4 ya kai 3.8GHz, daga nan zafi ya tare hanya, don da can in aka ƙanƙanta turansista, wato ɗan mitsitsin makunnin wuta da ke cikin furosesa, wutar da yake ci ma raguwa take yi, to wajen 2005 wannan garaɓasar ta ƙare, wuta ta fara yoyo, in ka matsa gudu sai abu ya nemi ƙonewa. Shi ya sa Intel suka koma jera ƙwaƙwalwa biyu, huɗu, takwas. Kamar lodin buhuna ne a kasuwar Muda Lawal, ƙato ɗaya ya kai iyakarsa sai a ƙaro mutane, amma fa ba kowane aiki ke rabuwa huɗu ba.

Hasashen da Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya yi a 1965 cewa yawan turansistoci a furosesa zai riƙa ninkuwa ya daɗe yana aiki, daga 2,300 a Intel 4004 na 1971 har biliyan 16 a M1 na Apple a 2020, sai dai yanzu kowane taku tsada ne na fitar hankali, injin zana mafi ƙanƙantansu ma ASML na Holan kaɗai ke ƙera shi. A ganina wannan alheri ne gare mu masu sayen na hannu, furosesan 2017 irin na wannan laptop ɗin har yau yana jan Windows 11 da Excel da Zoom ba gardama.

Inda aka cuce ni batir ne, mai shagon ya rantse sabo ne, ashe ya sha jiki, da ƙyar yake kai awa biyu in an ɗauke wuta. Sannan lokacin zafin Afrilu fanka takan yi ta kuka saurin ya ragu, sai da aka share ƙura aka sa sabon man sanyaya furosesa ta dawo daidai, kar ku ɗora ta kan katifa don Allah.

Ku tabbatar SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, ce a ciki, RAM, wato ma'ajiyar aikin da ake kai, kar ya gaza 8GB, kuma a cire caja a gabanku ku ga yadda batirin ke sauka kafin ku tura kuɗi.