Kan allura AT-VM95E a garmahon Baba: wata huɗu ina amfani da shi a Gusau

Garmahon na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Ya shekara fiye da ashirin lulluɓe da zani a saman kabad, shi da akwatin fayafayansa. Da na sauko da shi bayan damina, sai na tarar da kwabo ɗaure da roba a kan hannun da ke ɗauke da allurar. Dabarar mutanen da ce: in allura tana tsalle, a ɗora mata kwabo ta nutsu. Allurar kuwa ta daɗe da cinyewa. Na aika wa ƙanena a Legas ya sayo mini sabon kan allura, wato ɗan akwatin nan da ake ɗaurawa a bakin hannun, na Audio-Technica, samfurin AT-VM95E mai koriyar allura.

Ɗaura shi bai ba ni wahala ba, domin ramukan sukurun suna da zarensu a jiki, ba sai mutum ya yi ta fama da ƙananan notoci suna faɗuwa ƙarƙashin kujera ba. Wayoyi huɗu ne: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama, kowanne da alamar launinsa.

Na sa faifan farko, na kiɗan kalangu, raina ya ɓaci. Inda kiɗan ya kwanta, lafiya lau. Amma da zarar mawaƙin ya ɗaga murya, 'yan amshi suka shigo gaba ɗaya, sai sautin ya yage, kamar an jefa ƙosai cikin mai. Duk wata "s" ta koma "shhh". Kuma a lasifikar dama abin ya fi muni. Na kira ƙanena na ce masa jabu aka sayar masa. Daga baya sai da na ba shi haƙuri.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari aka kwatanta mini. Na rungumi garmahon a Keke Napep na kai masa. Bai taɓa komai ba sai da ya saurari rabin waƙa, idonsa a rufe.

"Yaro, wagga allura ba ta da laihi. Nauyi nawa ka aza mata?"

"Baba, na sassauta mata ne sosai, kar ta ci faifan."

Ya yi dariya har da buga cinya. A nan na gane kuskurena, kuma shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhin. Ashe rashin nauyi ya fi cutar da faifai a kan ɗan ƙarin nauyi. Allurar tafiya take cikin wani siririn kwari mai bango biyu, kowane bango da nasa lanƙwashe-lanƙwashen. In ba ta zauna daram ba, duk lokacin da sauti ya yi ƙarfi sai ta saki bangon, ta dawo ta doke shi, ta sake saki. Wannan dukan shi ne yagewar da nake ji, kuma yana barin tabon da ba ya warkewa. Kamfanin ya ce a sa tsakanin giram 1.8 da 2.2, an fi son giram 2. Ni tsabar tausayin faifai na bar ta a wajen giram 1.2.

Yadda muka auna ma abin dariya ne. Baba mai gyara ya aiki yaronsa wurin wani maƙwabcinsa mai sayen zinari ya aro ɗan sikelin nan na aljihu. A Zamfara dai ba a rasa shi. Sai dai sikelin ya fi faifai tudu, kuma awon ba ya yin daidai sai allurar ta sauka a tsayin da take sauka kan faifai. Don haka muka ajiye shi a gefe, muka yi masa matashi da littafin rasit har ya zo daidai, sannan muka murza dutsen daidaita nauyi da ke bayan hannun har ya nuna 2.00.

Saura lasifikar dama. Juyawar faifai tana jan hannun zuwa ciki, sai allurar ta danne bangon ciki, wanda shi ne na hagu, ta yi sakaci da na waje, wato na dama. Akwai ɗan maɓalli a gindin hannun da aka yi don maganin wannan. Nawa yana kan sifili tun zamanin kwabo. Aka kai shi 2, yagewar dama ta ɗauke.

A gida na ƙarasa sauran. Na buga takardar saita zaman kan allura a shagon kwamfuta, mai ɗigo biyu, ɗaya a milimita 66 daga tsakiyar faifai ɗaya a kusan 121, na yi ta gyara zaman kan har ya yi daidai da layukan a duka wuraren. Sa'a guda cur, da tocilar waya a baki. Teburin ma ya karkace, sai da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa ya tona masa asiri.

Yanzu fa? Kalangun yana magana, ana jin bugun sanda daban da kukan fata. Muryar jagora tana tsaye a tsakiya. Waƙar ƙarshe a kowane gefe har yanzu tana ɗan shaƙewa, amma wannan halin faifai ne: a baki kwarin yana wucewa ƙarƙashin allura kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa ya dawo wajen 20, an cusa kiɗan a ƙunci. Mai son kawar da wannan sai ya sayi jar allurar gidan, VMN95ML, wadda bakinta ya fi siriri, kuma kan wannan jikin take hawa, ba sai an kwance komai ba. Ta fi tsada nesa, ni ban kai can ba tukuna.

Hunturu ne ya kusa sake ruɗa ni. A watan Janairu yagewar ta dawo, har na fara shirin komawa Sabon Gari. Da na haska, sai ga dunƙulen ƙura ya naɗe allurar kamar rawani. Burushi mai laushi, daga baya zuwa gaba, ba a yin gefe da gefe. A irin ƙurarmu kowane gefen faifai sai na share.

Kamfanin ya kiyasta wa wannan allurar kusan sa'a 300, shi ya sa nake yin ɗan zane a kalandar bango duk faifan da na ji. Tsofaffin fayafayai masu nauyin nan, masu juyi 78 a minti, kuwa suna nan a ƙasan akwati ban taɓa su ba. Kwarinsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce, kuma Baba mai gyara ya ce in na kuskura na sa musu wannan, kar in sake zuwa shagonsa.