Matsafi a Dungeons & Dragons: Wane Ubangida Za Ka Zaɓa?

A Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi cikin labari, matsafi (warlock) yana samun ƙarfinsa ne ta hanyar ƙulla alkawari da wani ubangida, wato wata halitta mai ikon sihiri. A dokokin 2014, tun a mataki (level) na farko ake zaɓarsa, kuma cikin waɗanda ake iya zaɓa akwai Fiend da Great Old One.

Fiend shaiɗani ne, kyautarsa ta fagen fama ce. Duk lokacin da ka kayar da maƙiyi, kana samun ƙarin lafiya na ɗan lokaci, gwargwadon matakinka da makin kwarjininka (Charisma). A mataki na 5 kana iya koyon Fireball, ƙwallon wutar da ke cinye taron maƙiya gaba ɗaya. Ga sabon ɗan wasa, wannan ne mafi sauƙi.

Great Old One kuwa wata tsohuwar halitta ce daga can bayan taurari, wadda mai yiwuwa ba ta ma san kana raye ba. Tana ba ka damar yin magana cikin zuciyar wanda ke kusa, har tazarar ƙafa 30, ko da ba ku jin harshen juna. A faɗa wannan ba ya kashe kowa. Amma a fadar sarki ko a kurkuku, kana iya gargaɗin abokin tafiyarka ba tare da ka buɗe baki ba, ko ka firgita mai gadi. Ni na fi son wannan, domin yana buɗe labari. Sai dai yana buƙatar mai jagorantar wasan da ke ba tattaunawa fili. Idan teburinku yaƙi ne zalla, Fiend zai fi maka amfani.