Laftof 'yar gwanjo daga Banex: wace Linux za ka ɗora mata?

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin laftof suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 tana neman TPM 2.0 (wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da injin Intel zubi na takwas zuwa sama, alhali da yawa daga HP EliteBook da Dell Latitude masu araha da ake samu a Banex Plaza, Wuse 2, Abuja, zubi na huɗu ne ko na shida. A nan Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ke shigowa: kyauta ce, ba sai ka ɗora kwafin sata ba.

Kafin komai, duba RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. A kansa zaɓin ya rataya.

In ya kai 4GB, ɗauki Linux Mint mai fuskar Cinnamon. Wanda ya saba da Windows ba zai ɓata ba: maɓallin buɗe manhajoji na ƙasa ta hagu, agogo na dama. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel. Mint 22 ta fito a 2024, za a ci gaba da aiko mata gyaran tsaro har 2029. Abin da ya fi burge ni shi ne Driver Manager, domin wasu laftof na da katin wifi na Broadcom mai gardama, shi kuwa yana nemo masa direba ba tare da ka rubuta umarni ba.

Ubuntu ta kamfanin Canonical, wadda ta fara fitowa a 2004, ita ce tushen da aka gina Mint a kai, kuma sunanta ya fi fita. Amma fuskarta ta GNOME tana da nauyi, fayil ɗin da za ka sauke don ɗora ta kuma ya kusa 6GB, na Mint kuwa kusan 3GB. Mai sayen data ya san bambancin.

Zorin OS tana da kyan gani. Sigar Core kyauta ce, kuma ta wadatar. Kada ka yi gaggawar biyan kuɗin Pro.

In RAM 2GB ne, koma wa Mint mai fuskar Xfce ko Lubuntu, waɗanda ba su da nauyi. Sai dai kada ka yi tsammanin abin al'ajabi, YouTube da shafuka goma a buɗe za su shaƙe ta. Gara ka ƙara RAM, ka sauya mata faifai zuwa SSD, wanda ya fi sauri, tun kana kasuwar.

Masu shagon buga kati da fosta ku dakata tukuna: CorelDraw da Photoshop ba su da sigar Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma sai an sake koyo.

Kada ka goge Windows kai tsaye. Kwashe fayilolinka, ka sa Mint a filas mai 8GB da manhajar Rufus ko Ventoy, ka kunna kwamfutar daga kansa. Gwada wifi, sauti, kamara da firintarka. Sai duk sun yi aiki sannan ka danna maɓallin sakawa.