Wayoyi biyu a kakar albasa: Galaxy S24 Ultra da iPhone 15 Pro Max a hannuna

Sana'ata albasa ce. A Tahoua nake zaune, amma daga Maris zuwa Mayu kusan a hanya nake kwana: yau Tamaske, gobe Galmi, jibi Madawa, ina saye, ina lodi, ina turawa Abijan da Akra. Mai irin wannan aiki wayarsa ce shagonsa, ita ce littafin bashinsa, ita ce kuma shaidarsa in gardama ta tashi a kan buhu nawa aka ɗora wa mota. Shi ya sa da na tashi sayen babbar waya ban yi don ado ba.

Galaxy S24 Ultra ni na saya da kuɗina a Yamai. iPhone 15 Pro Max kuwa ƙanena da ke ci-rani a Abijan ne ya aiko min, ya ce, "Yaya, riƙe wannan ka gani, ba za ka sake waiwayar waccan ba." Na haɗa su biyun a aljihu na yi kakar albasa guda cur da su, na ƙara da damina da hunturu. Matasan fadarmu kullum tambayarsu ɗaya, wacce ta fi? To ga abin da idona ya gani.

Da farko kuɗi, don a san irin dukiyar da ake magana a kai. Lokacin da iPhone ɗin ta fito a Satumban 2023, mai giga 256 Yuro 1,479 aka sa mata a Faransa. Samsung ɗin ta fito a Janairun 2024 a kan Yuro 1,469. Yuro ɗaya sefa 656 ne ba kaɗan, kenan kowacce ta kai wajen jika 970. Kuɗin babur ne har da canji. Kuma duka biyun babu kan caja a kwalinsu, igiya kawai, abin da mai Tecno ko Infinix zai yi mamakin ji.

Abin da ya fara raba min su rana ce. Ka tsaya a wajen lodi a Galmi ƙarfe ɗaya na rana, babu inuwa sai ta gefen tirela, ka ciro waya don duba saƙon mai kaya. A takarda hasken Samsung ya kai 2,600 a ma'aunin da ake kira nit, na iPhone 2,000. Amma ba wannan lamba ce ta burge ni ba. Gilashin gaban Samsung, wanda suka sa wa suna Gorilla Armor, yana shanye ƙyallin rana. In ka ajiye su gefe da gefe a kan buhu, ɗaya za ka fara ganin fuskarka da sararin sama kafin rubutu, ɗayar kuwa baƙin nan yana nan wuluk, lambobi suna fitowa tar. Ni da nake karanta adadin kuɗi a tsakar rana, inda sifili ɗaya ke iya jawo asara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A cikin ɗaki ko da dare kuwa ban ga bambancin da zan rantse a kai ba, dukansu idon mutum na hutawa.

Sai zafi. Duka kamfanonin biyu sun rubuta cewa an yi wayoyin ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Duk ɗan Adar ya san a Afrilu da Mayu muna wuce 40 tun kafin azahar. Don haka kowacce a cikinsu, in ka daɗe kana ɗaukar bidiyo a rana, za ta yi ɗumi, ta rage hasken fuskarta don ta kare kanta. Haka aka gina su, kuma gara hakan da batir ya kumbura. A hannuna Samsung ta fi jinkirin kaiwa wannan hali, ina jin saboda faffaɗan farantin sanyaya da aka shimfiɗa mata a ciki. Dabarar da na koya mai sauƙi ce: na daina barin waya a gaban mota kusa da gilashi, ina cire mata riga in zan yi dogon bidiyo, kuma ba na caji da rana tsaka. Wani direbana ya ce in riƙa sa ta cikin kula mai ƙanƙara. Kada kowa ya yi haka, raɓa ce za ta taru a ciki.

Yanzu abin da ban zaci zai zame min jiki ba, wato alƙalamin da ke soke a gindin Samsung, S Pen. Da na saya na ɗauka wasan 'yan biro ne. Ranar farko a wajen lodi, 'yan dako suna wucewa da buhuna a ka, mai gona yana ƙirga nasa a ƙasa da tsinke, na zaro alƙalamin. Ba sai ka buɗe wayar ba, kana zaro shi baƙar fuskar ta zama allo. Na riƙa jan layi huɗu in gicciya na biyar, kamar yadda mahaifina yake yi a bayan kwali. Da aka gama na rubuta sunan ƙauyen da lambar motar a ƙasa, na mayar da alƙalamin, rubutun ya ajiye kansa da kwanan wata. Bayan mako uku aka ce buhu biyu sun yi ƙasa a lissafi. Na buɗe shafin na miƙa wa dattijon mai gonar. Ya daɗe yana kallo, ya bi layukan da yatsa, ya ce, "Alhaji, naka ne daidai, ni na tsallake." Da rubutun na'ura ne da sai ya ce an gyara. Zanen hannu ne irin wanda ya sani, shi ya sa ya yarda. Wasu lokutan ma da ajami nake rubutawa, abin da ya fi min sauri.

Hoto kuwa, nan gardamar matasa ta fi zafi, kowa na ambaton megafiksel, wato ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, 200 na Samsung da 48 na iPhone. Ni mai saye a Abijan ba ya tambayata megafiksel. Yana so ya ga ɓawon ya bushe, wuyan albasar ya ƙulle, launin nan na 'yar Galmi, ja mai garin shuni, ya fito yadda yake. Samsung tana son launi mai armashi, hoton suna ko biki sai ka ga kowa ya fito fes. In albasa zan ɗauka nakan shiga wajen saitin hannu in sassauta launin kaɗan, don kada in tura abin da ya fi kayana kyau. iPhone ba sai na taɓa komai ba, abin da ta ba ni ya fi kusa da abin da ke tafin hannuna, ko da yake da yamma tana ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa. Wajen jawo abu mai nisa Samsung ce gaba. Dukansu suna da ido mai jawowa ninki 5, amma na Samsung megafiksel 50 ne, na iPhone 12, ga kuma wani mai ninki 3 da Samsung ta ƙara. Na taɓa karanta lambar tirela daga ɗaya gefen kwalta, motar tana shirin tashi, na kira direban kafin ya bar gari.

Bidiyo na iPhone ne, ban da ja a kai. In ina tafe tsakanin tarin buhuna ina magana, hoton ba ya rawa, daga rana in shiga rumfa haske ya sauya a hankali ba tare da firgita ba, muryata kuma ta fita sarai duk da hayaniyar kasuwa. Haka in yara suna guje-guje a tsakar gida, ita ta fi saurin cafke su. Sai dai a sani, WhatsApp yana matse duk abin da ka tura. In ba ka danna HD ba, ko ka tura shi a matsayin takarda, wanda ke can ba zai bambance hoton wayar miliyan da na wayar jika ɗari ba.

Batir da caji magana ce ta wanda ya san ɗaukewar kuran. Na Samsung 5,000 ne a ma'aunin batir, na iPhone bai kai haka ba, amma wajen juriya kunnen doki suka yi min: kowacce tana kai ni daga asuba zuwa isha'i, in dai ba ƙauyen da rezo ke da rauni na shiga ba, don neman rezo ya fi komai shan batir. Inda suka rabu shi ne saurin cika. Samsung tana karɓar wat 45, in kuran ya dawo na rabin awa ka samu abin da ya haura rabi da kyau. iPhone tana bukatar ɗan ƙarin lokaci kafin ta kai rabi. Abin da na ji daɗinsa, daga iPhone 15 Apple ta koma bakin caji na USB-C, igiya ɗaya ta ishe ni duka biyun. Kan caja kuwa a sayi na gaske. Na taɓa sayen wani a bakin tasha, kwalinsa an rubuta wat 45, kwana huɗu ya yi ya fara warin ƙuna.

Ƙura ba ta shiga cikinsu, dukansu suna da shaidar IP68, kuma lambar 6 ɗin nan ta ƙura ce. Amma tana taruwa a bakin caji da ramukan lasifika. In ka ga igiya ta ƙi zama, kafin ka nufi mai gyara ka kashe wayar ka sa siririn tsinken itace a hankali, za ka sha mamakin abin da zai fito. A hunturu kuma na lura da wani abu. In na ja amawali na rufe hanci, Samsung ba ruwanta, yatsa take nema, ko da ɗan ƙura a hannu tana buɗewa. iPhone fuska take nema, sai da na kunna mata saitin gane mutum da takunkumi, wanda ke duba kewayen ido, sannan muka daidaita.

Jikinsu duka titaniyom ne a gefe, gilashi gaba da baya. Samsung giram 232, iPhone 221. Bambancin kaɗan ne a sikeli, amma kusurwoyin Samsung a tsaye suke, a aljihun gaban riga kana jin ta, iPhone kuwa gefenta a goge yake, ta fi kwanciya a hannu. Kowacce ka saya ka sa mata riga. Titaniyom ba ya hana gilashi fashewa a kan tsakuwa.

Akwai abin da nake roƙon duk mai shirin sayen iPhone ya kiyaye. Wadda ƙanena ya fara saya, da ya juya ta bai ga ramin sim ba. Tun daga iPhone 14, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da wurin sa kati, sai sim na cikin na'ura da ake kira eSIM. Mai shagon bai faɗa masa ba, sai da aka kai ruwa rana kafin ya canza masa. Ka shiga Réglages, Général, Informations, ka duba lambar samfurin: in ta ƙare da LL/A 'yar Amurka ce. A wannan shafin za ka ga ko an taɓa canza mata fuska ko batir, a Réglages, Batterie kuma iPhone 15 tana nuna sau nawa aka cika batirinta. Ka danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali. Kuma kada ka biya sai mai ita ya cire iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple da ke kulle wayar, a gabanka. Samsung ɗina kati biyu take ci, Airtel da Moov, kuma wanda ke yawon ƙauyuka ya san amfanin wannan, inda ɗaya ya yanke ɗaya na kamawa.

Fassarar kira da aka yi ta yayatawa a kan S24 da harsuna 13 ta fito. Akwai Faransanci da Ingilishi, babu Hausa, babu Zabarmanci, babu Tamashek. Na gwada ta da abokin cinikina na Akra, ni da Faransancina shi da Ingilishinsa, ta ɗan yi amfani, amma yaronsa Bahaushen zango ya fi ta sauri. Abin da ya fi min nauyi shi ne alkawarin Samsung na sabunta manhajar wayar shekara 7, wato har 2031, don ban saye ta da niyyar canzawa baɗi ba. iPhone kuma an san ta da riƙe daraja, in ka tashi sayarwa masu nema sun fi yawa.

Da kaka ta ƙare na zauna na duba wacce hannuna ya fi kaiwa gare ta, na ga Samsung ce, saboda fuskar da ke karantuwa a rana, da alƙalamin, da kati biyu. iPhone ɗin na bar wa uwargida, ita da ke sayar da turaren wuta da humra tana ɗora bidiyo a WhatsApp, kuma masu saye sun fara tambayarta wa ke ɗaukar mata. Da na gaya wa ƙanena ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, in na zo Sallah ka ara min mai alƙalamin kwana biyu."